Muryar Jitar Baba

SHAFI NA 14

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau.

Kai, mutanen gidan nan kun iya ƙorafi! Kwana biyu kacal ban leƙo ba, amma wayata har zafi take yi don saƙonni. Wata baiwar Allah ma cewa ta yi za ta hau mota daga Haɗeja ta zo ta tsare ni sai na rubuta. Yi zamanki 'yar uwa, ga ni na zo.

Baƙinmu na yau ku matso in faɗa muku inda muka tsaya. Malam Uwaisu Mai Jita, wanda Dutse ta yi yayinsa lokacin samartakarsa, yau shekara huɗu ke nan hannunsa na hagu ya shanye. Abin da ya rage masa na kiɗa kaset ɗaya ne tal, mai ɗauke da taken nan Yammacin Limawa, jita zalla ba waƙa ba ganga, kuma kullum bayan la'asar sai ya saurare shi. Autarsa Rashida, mai ɗaukar sauti a situdiyon yayanta Abdussamad a Takur, ta karɓi kaset ɗin don ta juye shi a kwamfuta kada ya lalace. Sai rikoda ta tauna zaren ta tsinka shi gutsi-gutsi. Sakan goma sha ɗaya na farko ne kawai suka tsira. Kwana tara ke nan tana ce wa Baba ana kan gyara, alhali ita da yayanta sake kaɗa taken suke yi a ɓoye.

*

"Sake, Yaya."

Abdussamad ya ɗago kai daga kan jitar, gumi na bin wuyansa.

"Auta, kin san na nawa ne wannan?"

"Na arba'in da uku. Sake."

"Ina na yi kuskure? Nuna min wuri ɗaya."

"Ba ka yi kuskure ba. Muryar ce ba ita ba."

Gaskiyarta. Taken dai tun suna rarrafe suke jin sa, ko daga barci aka tashi Abdussamad zai kaɗa shi daga farko har ƙarshe. Abin da ya gagare su shi ne muryar jitar. Rashida ta danna sakan goma sha ɗayan nan suka sake saurara. Sauti ne tas, babu gurnani babu amsa-kuwwa, ga kauri ga taushi, kamar mutum ya matso kusa da kunnenka yana yi maka magana a hankali. Da ta danna nasu kuwa, tsaf yake shi ma, sai dai yana da wani kaifi mai sukar kunne.

Babu abin da ba su gwada ba. Sun canja tsirkiyoyi sau biyu. Abdussamad ya je har Kano ya aro tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita, a wajen abokinsa. Makirufo kuwa ya sha yawo, a matso da shi, a ja da baya, a karkata shi gefe, ranar Talata har banɗaki sai da suka kai shi, abin da suka samo kawai ɗigar famfo.

"Ƙara mata murya," in ji Abdussamad. "Mutanen da ai da ƙarfi suke kiɗa. Ba ki ga hoton Baba a dandali ba, sifika ta fi shi tsayi?"

"Jiya mun ƙara har maƙwabta suka aiko."

"To ni dai ɗansa ne, hannunsa ne da ni, duk garin nan an shaida. In ban samo ta ba, babu mai..."

Bai rufe baki ba suka ji adaidaita sahu ta tsaya a ƙofa. Sai ƙwas, ƙwas, ƙwas na sanda a kan siminti. Sai sallama, da muryar da ko a tsakiyar kasuwar Shuwarin Rashida za ta gane ta.

"Na shiga uku! Umma ce. Da Baba! Yaya, ɓoye jitar!"

"A situdiyo? Wa ke ɓoye jita a situdiyo? Ke saurara. Ɗauko na talatin da takwas, shi ya fi kusa. Ɗora masa 'yar shuuu ɗin nan ta tsohon kaset, ki ce an gama gyara."

"Yaya, Baba ne fa."

"Kunnen tsoho ne. Yi sauri!"

Ni kuwa na ce Allah ya shirye ka, Abdussamad.

Hajiya Bilki, wato Ummansu, ita ta fara shigowa, ta ɗage wa maigidan labule. Baba ya shigo yana dogara sanda, cikin farar babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Yaran suka durƙusa suka gaishe su. Rashida ta jawo masa kujera.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kwana tara. Ko telan da ke ɗinkin sallah ya isa ya ji kunya ya kawo kaya."

Umma ta zauna tana fifita da gefen mayafi. "Tun azahar ya tasa ni gaba. Kwana tara ke nan in an yi la'asar sai ya zauna ya zuba wa rikoda ido, shayinsa ya huce bai sha ba. Na ce to tashi mu je ka gani da idonka."

Maganar nan ta soki Rashida. Ta dubi yayanta, ya ƙyafta mata ido.

"An... an gama, Baba. Yanzun nan."

"Madalla. Sa min."

Ta danna. Shuuu ɗin ƙarya ta fara, jita ta biyo baya. Baba ya lumshe ido. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya buɗe ido ɗaya.

"Wannan wane ne yake dukan jita kamar mai kakkaɓe tabarma?"

Abdussamad ya yi tari. "Baba, kai ne mana. Gyaran ne ya fito da..."

"Ni? Yaro, hannunka ne. In za ka sauko daga sama sai ka fizgi tsirkiya ta uku. Tun kana ɗan shekara goma kake da wannan halin, na yi faɗa har na gaji." Ya juya. "Auta, ina kaset ɗina?"

Shi ke nan, ƙarya ta ƙare. Rashida ta jawo durowa ta ɗauko wata baƙar leda, ta zo ta durƙusa a gabansa ta buɗe. Ga kaset ɗin nan da rubutun biro da ya koɗe, ga zarensa a waje a cukurkuɗe.

"Baba, ka yafe min. Wallahi don kar ya lalace na karɓa. Rikodar ce ta kama shi, na ja, ya tsinke. Na rasa da wane baki zan faɗa maka."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Baba ya ɗauki kaset ɗin da hannunsa mai lafiya, ya juya shi, ya sake juyawa.  Da zagi ya yi da ya fi mata sauƙi, don yadda fuskarsa ta faɗa lokaci guda ya fi mari ciwo.

"Kwana tara kina kallon idonmu kina shirga mana ƙarya," in ji Umma. "Kai kuma babban banza, da kai aka haɗa baki."

"Ƙyale su, Hajiya." Muryar Baba ta yi ƙasa. "Babu abin da ya tsira?"

"Sakan goma sha ɗaya, Baba."

"Sa min su."

Ta sa. Ya ce ta ƙara, ta ƙara. Sau huɗu. Sannan ya dubi ɗansa.

"Kai magajin hannu. Me da me ka gwada?"

Abdussamad ya shiga lissafi, kai a ƙasa. Tsirkiya sabuwa. Amfilifayar Kano. Ƙarin murya. Da ya zo kan banɗaki sai kafaɗar Baba ta fara rawa. Rashida ta ɗauka kuka ne, ta ƙara tsorata. Ashe dariya ce! Dariya yake yi har sandarsa ta faɗi, yana share hawaye da hannun riga.

"Banɗaki! Wayyo cikina. Yaro, kwana tara kawai ka yi har ka gaji? Ni shekara talatin da biyu na yi ina neman muryar nan da hannu biyu lafiyayyu, ban same ta ba."

"Ban gane ba, Baba."

Baba ya juya ya kalli Umma.

Fifitar mayafi ta tsaya.

"Malam."

"Na'am, Hajiya."

"Malam, ka rufa min asiri."

"Abin da yake rufa miki asirin ai ga shi a leda."

"A gaban yara? Ka ji tsoron Allah."

"Yaran da suka kai makirufo banɗaki saboda ke?" Ya juyo gare su, fuskarsa fal murna kamar wanda aka sauke wa kaya. "Ku buɗe kunne. Yammacin Limawa ba ni na kaɗa ba. Ga mai shi nan zaune tana hararata."



Abdussamad ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a ƙasa daɓas.

"Umma?"

Umma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Umman da ta ce in ta ƙara ganina da jita a tsakar gida sai ta hura wuta da ita?"

"Yo ba daidai kake kaɗawa ba ne," in ji ta daga cikin mayafi. "Kullum ka zauna kana ɓata min abu a kunne, ba halin in yi magana."

Rashida ba ta san sanda dariya ta ƙwace mata ba, ga hawaye shaɓe-shaɓe a fuska. Ta rarrafa ta riƙe ƙafar Ummanta.

"Umma, dan Allah! Yaushe? A ina? Wa ya koya miki?"

"Ni ba abin da zan ce."

"To bari ni in faɗa," in ji Baba. "Wata ranar Laraba ce, muna da wata biyar da aure..."

"Alhamis ce. Kuma wata uku."

"Na dawo daga kasuwa..."

"Daga wajen mai gyaran batir ka dawo. Malam, in ba za ka faɗa daidai ba ka bari."

Haka Baba ya yi mata wayo ta karɓi labarin da bakinta. Ni dai na ga sanda ya ƙyafta wa Rashida ido.

"Mahaifina a Garki garaya yake kaɗa wa maharba," in ji Umma, idonta a ƙasa. "In ya tafi gona sai in sauko da ita daga jikin bango. Ba wanda ya koya min, kallo ne kawai. Da aka kawo ni Limawa na tarar da wannan abar a jingine a ɗaki, babanku ya fita tun safe, ni kaɗai da bango huɗu. Sai hannu ya fara ƙaiƙayi. Ba na haɗa ta da komai, haka nan nake taɓa ta a bushe."

"Na tsaya a bakin ƙofa," in ji Baba, "na ce wane ƙato ne a ɗakina yake kaɗa min jita, kuma ya fi ni iyawa? Na leƙa sai na ga amarya."

"Ya dage sai ya ɗauka a kaset. Na ce ka rufa min asiri, ɗakinmu bango ɗaya ne da na Hajiya Babba."

Hajiya Babba ita ce mahaifiyar Baba, Allah ya ji ƙanta.

"Ba wai muguwa ba ce," Umma ta ci gaba. "Kunya ce. A lokacinmu amarya a gidan surukai ko tari za ta yi sai ta tura gefen zani a baki. Ina ga a ce an ji ta tana kiɗa? Da wane ido zan gaishe ta da safe? Na ce sai dai in ba wanda zai ji."

Rashida ta goge fuska. Mai ɗaukar sautin da ke cikinta ta farka.

"To yaya kuka yi ba a ji ba?"

"Akwatin lefena. Na ƙarfen nan mai zanen fure. 'Yar amfilifayarsa ƙarama muka ɗora a kan zannuwa, muka danna wasu a gefe da gefe, muka rufe murfin, muka bar kamar faɗin tafin hannu."

"Rikodar fa?"

"A daidai bakin murfin ya kafa ta."

"Murya a kan nawa?"

"Ɗaya da rabi," in ji Baba. "Na kai biyu ta bugi hannuna."

"Abin kaifin ma na sa ya murɗe shi ƙasa," in ji Umma, "don siririn sauti shi ke ratsa bango. Amsa-kuwwar nan kuma na ce ya kashe ta gaba ɗaya, tana jan abu ya daɗe a iska."

"Robar kaɗawa fa?" in ji Abdussamad daga ƙasa, murya a sanyaye.

"Wace roba? Abin da ke ƙas-ƙas kamar ɓera a kwano? Da tsokar babban yatsa na kaɗa, can sama kusa da wuyanta, inda ta fi laushi."

Rashida ta dafe kai da hannu biyu.

"Yaya! Ka ji? Duk abin da suka yi don kar a ji, shi ne muryar! Mu muna ta ƙara mata ƙarfi, ashe ita ɓuya take yi!"

"Ni fa har yanzu ban dawo daidai ba," in ji Abdussamad. "Baba, duk bikin da aka ce ka kaɗa Yammacin Limawa sai ka ce jitar ba ta jin daɗi yau..."

"To da me kake so in ce? Abokai ne suka ari kaset ɗin suka ji, suka ce Uwaisu ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Sauran take duk nawa ne, ba na jin kunyar kowa a kansu. Wannan ɗaya ne ya fi ƙarfina. Na sa amfilifaya a akwatin nan ya fi sau ɗari in ba ta nan."

"Ashe kai ne kake yamutsa min zannuwa!"

Sai dariya ta sake ɓarkewa.

Rashida ta riga ta miƙe. Akwai wani tsohon akwatin ƙarfe a lungu da suke tara wayoyi a ciki, ta kifar da shi ta zazzage. Abdussamad ya ture amfilifayar Kano gefe ya ɗauko 'yar ƙaramar da yake gwaji da ita a gida. Saura zannuwa. Suka ciro labulen ƙofar ciki, bai isa ba. Umma ta yi tsaki ta zaro wani zani daga jakarta ta jefa musu. Har yanzu da saura.

"Auta, zo ki cire min rigar nan," in ji Baba.

"Malam! Rigar da aka yi wa guga ɗazu?"

"Ta yi aikin lada."

Aka danna farar babbar riga a akwati, aka rufe murfi, aka bar faɗin tafin hannu. Rashida ta kafa makirufo a bakin. Murya ɗaya da rabi, kaifi a ƙasa, amsa-kuwwa a kashe. Abdussamad ya ajiye robarsa, ya mayar da maɓallin jitar kan maɗaukin sautin da ke wajen wuya, ya kaɗa da babban yatsa.

Kai jama'a! Tsigar jikin Rashida ta tashi. Kaifin nan da ya hana ta barci ya ɓace. Ta danna sha ɗayan asali, ta danna sabon, ta sake, ta sake.

"Baba, ya kusa! Wallahi ya kusa!"

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Akwatin ya yi aikinsa. Saura hannun."

Ido shida suka juya wuri ɗaya.

"Kar ma ku fara," in ji Umma.

"Umma..."

"Jikokina bakwai. Gobe da safe ina da karatu a Islamiyya, ni ce ma nake jan matan layinmu. A ce an ga Hajiya Bilki rungume da jita?"

"Ba mai gani, Umma, kuma murya a ɗaya da rabi ko a bakin ƙofa ba mai ji," in ji Rashida.

"Hannun ma ya manta. Daga ranar nan ban sake taɓa ta ba. Ciki ya zo, goyo ya zo, tuwo, wanki. Shekara talatin da shida. Ku dubi yatsun nan, sun yi kama da na makaɗa?"

Abdussamad ya matso da gwiwa ya miƙa mata jitar da hannu biyu. "Umma, duk rayuwata ke nake kwaikwayo ban sani ba. Ko sau ɗaya in gani da idona."

"Na ce a'a."

"Ku ƙyale ta," in ji Baba. Babu wasa a muryarsa yanzu. "Na riga na karya mata alkawari ɗaya yau, ya isa. Auta, ki juya min sha ɗayan nan a waya. In an yi la'asar sai in riƙa maimaitawa. Za su ishe ni."

Ya sunkuya yana laluben sandarsa a ƙasa, daga shi sai 'yar shara, hannun hagun na reto a gefe.

Umma ta daɗe tana kallonsa. Tausayinsa ya kama ta, har ta kasa ɓoyewa.

"Sakan goma sha ɗaya," ta ce. "Ka zauna kana ta maimaitawa kamar maraya, shayi yana hucewa. Ni kuma in zuba maka ido."

Ta juya wajen ɗanta.

"Abdussamad, rufe ƙofar waje. Da sakata."

Ya tashi da gudu har yana tuntuɓe da wayoyi.

Ta zare warwaronta ɗaya bayan ɗaya ta zuba wa Rashida a hannu. Ta cire zobe. Ta ɗaure mayafin a ƙugu kamar mai shirin daka, ta karɓi jitar ta ɗora a cinya. Ta shafa wuyanta tun daga sama har ƙasa.

"Ta fi waccan nauyi. Kuma kai wajen siraran tsirkiyoyi kake nemo taken, shi ya sa yake tsiwa. A kan masu kaurin nan yake."

"Amma Umma, sautin ai ɗaya ne."

"A kunnenka ba."

Rashida ta danna jan maɓalli, ta ɗaga mata hannu.

Na farko bai yi ba. Yatsa ya zame, tsirkiya ta yi wani ƙiii. Umma ta ja tsaki ta yarfe hannu.

"Wayar nan yanka take yi."

Na biyu ta yi nisa kaɗan ta ɓata hanya.

"Kun gani ko? Na faɗa muku."

"Kallonmu ne ya dame ta," in ji Baba. "Ran nan ma sai da na juya mata baya na tsaya gadin ƙofa. Ku juya."

Haka suka yi. Abdussamad ya fuskanci bango, Rashida ta kafe kwamfuta da ido, Baba ya sa aka juya masa kujera ta kalli ƙofa.

Suka ji ta yi bisimilla ƙasa-ƙasa.

Sai ga ta.

Ita ce. Ba mai kama da ita ba, ita ɗin ce, tas, da taushinta da kaurinta, babu ko shuuu ɗin tsufa a kanta. Rashida ba ta ma bi ta kan gwadawa da na asali ba. Sakan goma sha ɗaya suka wuce, taken ya ci gaba da tafiya, duk abin da rikoda ta cinye yana dawowa ɗaya bayan ɗaya. Wani daɗi ya cika mata ƙirji har ta toshe baki don kar ta yi ihu ta ɓata ɗauka. Abdussamad, ƙato da gemu, ya jingina goshi da bango yana kuka ba sauti. Baba kuwa kansa na kaɗawa a hankali, yatsun hannunsa na dama suna taɓa gwiwa, murmushi har kunne.

Minti huɗu da 'yan kai, taken ya sauko kan doguwar tsirkiyar nan da kowa a gidan ya sani, inda yake ƙarewa kullum. Baba ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Allah ya yi miki albarka, Bilki."

Rashida ta kai hannu za ta tsayar.

"Kar ki taɓa," in ji Umma.

Suka juyo gaba ɗaya.

Ba ta ɗago kai ba. Hannunta na hagu ya zarce can ƙasan wuyan jitar, ta taɓa wasu sautuka guda biyar masu hawa sama, waɗanda babu wanda ya taɓa ji a cikinsu. Sannan ta dafe tsirkiyoyin ta tsaya.

Baba ya riƙe hannun kujera.

"Wannan fa? Daga ina?"

"Daga inda ka kashe rikoda. Ka ji motsin Hajiya Babba a tsakar gida, ka yi tsalle ka danne abu, ka zauna a kan akwati kana zare ido."

"Ba a nan ya ƙare ba?"

"Ko rabi ba a yi ba."

Bakin Baba ya buɗe. Ya dubi yaransa, ya dubi matarsa, kamar yau aka kawo masa ita.

"Shekara talatin da shida, Bilki, kika bar ni ina jin rabi?"

"Ba ka taɓa tambaya ba." Ta gyara zaman jitar a cinya. "Auta, kina ɗauka?"

"Ina... ina ɗauka, Umma."

"To Malam, juya ka kalli ƙofa."